Gargaɗi ga Masu Jinya da Masu Zuwa Dubiya Asibiti

Jama'a, a saurara da kyau. Duk lokacin da mura mai zafi, korona ko ƙyanda ta ɓarke a gari, ɗakin kwanciyar marasa lafiya na cikin wuraren da cutar ta fi saurin yaɗuwa. Gadaje a jere, kowane gado da mai jinya a kan tabarma, ga masu dubiya na shigowa ayari-ayari bayan la'asar. Mai ciwon suga, tsohuwar da aka yi wa tiyata jiya, yaron da tamowa ta ramar, duk iska ɗaya suke shaƙa. Labulen da ke tsakanin gado da gado ido kawai yake karewa. Ƙwayar ƙyanda kan yi har awa biyu a cikin iskar ɗaki bayan mai ita ya fita.

An ga haka a Koriya ta Kudu a shekarar 2015. Mutum ɗaya ya koma gida daga Gabas ta Tsakiya ɗauke da cutar numfashi ta MERS, ya zagaya asibitoci kafin a gane abin da ke damunsa. Kafin a shawo kanta, mutum 186 suka kamu, 38 suka rasu, kuma kusan duk a asibiti suka ɗauka. Cikin dalilan da masana suka gano har da ɗakuna masu gadaje da yawa, 'yan uwa da ke kwana suna jinya, da yawan masu ziyara. Wanda ya taɓa jinya a asibitocinmu ya san wannan hoton namu ne sak.

Saboda haka, don Allah, a dakatar da dubiyar gayya har annoba ta lafa. Dubiya lada ce, babu mai musu, amma wayar hannu za ta isar da gaisuwa da addu'a. Mai jinya ɗaya ya isa, kuma ya zama shi ne kullum, kada a riƙa canji safe da yamma. Tsofaffi, masu juna biyu da yara ƙanana su zauna gida. Goyo a ɗakin masu tari ganganci ne.

Sai batun tagogi, wanda ya fi damuna. Da hunturu ya kama, sai a rufe ko'ina ruf, a toshe kafa da zane, wai kada sanyi ya kama mara lafiya. Niyyar mai kyau ce, sai dai a rufaffen ɗaki tarin mutum ɗaya yana taruwa ne har ya cika wurin. A buɗe tagogin da ke fuskantar juna iska ta ratsa, a ƙara wa mara lafiya bargo da hula. Fanka a ɗakin da aka rufe juya iskar kawai take yi daga wannan gado zuwa wancan.

Kowa ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki, har da mara lafiyan da zai iya jurewa. Kada a tofa kaki a ƙasa ko ta taga. Kofi, cokali da tawul kowa da nasa. A wanke hannu da sabulu kafin a ba da abinci da bayan an share majina, ko da an taimaka wa na gadon kusa ne.

Ma'aikatan lafiya, ku raba masu tari da zazzaɓi tun daga bakin ƙofa, ku haɗa masu cuta iri ɗaya wuri guda, ku bar aƙalla mita ɗaya tsakanin gadaje kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Ma'aikacin da ke fama da mura kada ya shiga ɗakin.

Ke mai jinya, idan zazzaɓi ko tari ya kama ki, ki faɗa wa nas nan take, kada ki ɓoye don tsoron a raba ki da ɗanki. Idan numfashin mara lafiya ya koma sama-sama, ko haƙarƙarin yaro na lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, a kira likita a lokacin, ko da tsakar dare ne.