Lambun Cikin Gida a Lokacin Bazara

'Yan uwa mata, bazara ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. A Ingila, cikin watan Afrilu sanyi ke saki, kowa ya fito shuka. A Jos ma, a watan ne ruwan sama yake fara sauka. Mu kuwa a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, lokacin ne zafi ke haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya, damina ba ta kankama sai wajen Yuni. Ga kayan miya sun yi tsada, ga zuwa fadama sai da fargaba saboda rashin tsaro.

Shi ya sa nake cewa mu shuka abin da ke jure zafinmu: zogale, rama, yakuwa, alayyahu da kuɓewa. Tumatir kam a bar shi sai hunturu, don zafi na kakkaɓe masa fure.

Ki cika buhu da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen kashin awaki, ki huda gindinsa. Ki ajiye shi inda hantsi ke samunsa, inuwa ta rufe shi da azahar. Ki lulluɓe ƙasar da ƙaiƙayi don ta riƙe danshi. Ban ruwa da asuba ko da yamma; ƙasari da ruwan alwala sun isa. Ki kewaye da zana saboda kaji da awaki.

Kuɗin ganyen da ba ki saya ba, ki ƙara a zubin wannan mako.