Na'urar da ke kare mu daga jan lantarki

Wutar lantarki tana yi mana aiki da yawa. Ita ke ba mu haske da dare, ita ke sanyaya ruwa cikin firigo. Amma tana da haɗari. A Nijar, ƙarfin wutar da ke shiga gidaje volt 220 ne. Wannan ƙarfi ya isa ya kashe mutum.

Yaya lantarki ke jan mutum?

Jikinmu cike yake da ruwa, shi ya sa lantarki ke iya ratsa shi. In yaro ya taɓa wayar da ta sale, wuta za ta bi hannunsa, ta ratsa jikinsa, ta sauka ƙasa ta ƙafafunsa. In hannunsa da lema, ko ba shi da takalmi, haɗarin ya fi girma.

Ana auna yawan wutar da ke gudu cikin waya da amper. Amper 1 daidai yake da miliamper 1000. Dutsen guga yana jan wajen amper 5. Amma miliamper 10 kawai na iya sandarar da hannu, mutum ya kasa sakin waya. In ta wuce miliamper 30, numfashi na iya tsayawa, zuciya kuma ta rikice.

Yaya na'urar ke aiki?

Akwai wata ƴar na'ura da ake sawa cikin akwatin wayoyin gida. Da Faransanci ana ce mata « interrupteur différentiel ». Mu kira ta mai yanke wuta.

Ku tuna da makiyayi. Da safe yana ƙirga tumakinsa in za su fita. Da marece yana sake ƙirga su. In 20 suka fita, 19 suka dawo, ya san ɗaya ta ɓata.

Haka na'urar take yi. Wuta tana tafiya ta waya ɗaya, ta dawo ta waya ta biyu. Na'urar tana gwada wadda ta tafi da wadda ta dawo. In sun yi daidai, lafiya lau. In wadda ta dawo ta kasa, to wuta ta zurare ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum. Nan take sai na'urar ta yanke wutar, tun daƙiƙa ɗaya ba ta cika ba.

Wadda ke kare mutane tana ɗauke da rubutu « 30 mA ». Akwai mai « 500 mA », amma ba ta isa ta ceci wanda ya taɓa waya tsirara ba.

A yi hattara!

Na'urar ba ta ganin kome da kome. In mutum ya kama wayoyin biyu a lokaci ɗaya, wuta na iya bi ta jikinsa ta koma ta waya ta biyu. Lissafi ya cika, na'urar ba za ta motsa ba.

A jikinta akwai maɓalli mai harafin T. Sau ɗaya a wata, wani babba ya danna shi. In wuta ta ɗauke, na'urar tana da lafiya. In ba ta ɗauke ba, a kira mai gyaran lantarki.

Mu riƙe

- Kada mu taɓa kayan lantarki da jiƙaƙƙen hannu.
- Kada mu tura ƙusa ko cokali cikin ramin lantarki na bango.
- In wuta ta kama wani, kada mu taɓa shi. Mu yi kururuwa, babba ya yanke wuta, a kai shi likita.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Miliamper nawa ke cikin amper 2?
2. Da me na'urar ta yi kama da makiyayi?
3. Mene ne amfanin maɓalli mai harafin T?