FASHIN BAƘI: Abin da ke ɓoye a cinikin injin markaɗa itace na hannu

A Birtaniya, duk matashin da ya ƙuduri aniyar kafa sana'ar gyaran bishiyoyi, bayan mota da zarto, babban abin da ke cinye masa jari shi ne injin markaɗa itace. Wannan inji ne ke haɗiye rassan da aka sare, ya mayar da su ɓarɓashi, ta yadda tulin da zai ci sawu da yawa zai shige mota ɗaya. Sabo yana da tsadar gaske, shi ya sa akasarin masu farawa ke komawa ga na hannu. Sai dai cinikin ya wuce batun farashi. Akwai doka a ciki, akwai ɓarayi, akwai kuma ran ma'aikacin da zai tsaya a bakin injin.

Me ya sa kasuwar ta bunƙasa?

Injin ba sabon abu ba ne. Kamfanin Jensen na Jamus yana danganta ƙirƙirarsa ga wanda ya kafa shi, Peter Jensen, a shekarar 1884. A yau kamfanonin Vermeer da Bandit da Morbark na cikin manyan masu ƙera shi a Amurka, yayin da Timberwolf ya yi suna a Ingila.

Abubuwa biyu ne suka ƙara wa na hannu daraja a shekarun nan. Na farko shi ne cutar da ke busar da bishiyar da Turawa ke kira ash, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Birtaniya a 2012. Wani nazari da masanan Jami'ar Oxford suka jagoranta a 2019 ya ƙiyasta cewa cutar za ta jawo wa ƙasar asarar kimanin fam biliyan 15, kuma kaso mai tsoka na kuɗin zai tafi ne wajen sare bishiyoyin da ke barazanar faɗowa kan hanyoyi da layin dogo. Aiki ya yi yawa, buƙatar injuna ta ƙaru.

Na biyu shi ne dokar hayaƙi. Matakin ƙa'ida na biyar da Tarayyar Turai ta shimfiɗa, wanda ya fara aiki a kan ƙananan injuna a 2019, ya tilasta wa injin dizal da ya kai kilowat 19, wato kusan ƙarfin doki 25, ɗaukar matatar da ke tare baƙin hayaƙi. Domin kauce wa tsadar matatar, wasu kamfanoni suka rage ƙarfin injinsu zuwa ƙasa da doki 25, wasu suka koma fetur. Sakamakon haka, tsofaffin injunan dizal masu ƙarfi, waɗanda aka ƙera kafin dokar, suka zama abin nema ruwa a jallo.

Yadda injin ke aiki

Iri biyu ne suka fi yawa: mai faifai da mai ganga. A na farko, wuƙaƙen suna ɗaure ne a jikin wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa da gudu. A na biyu kuwa suna jikin ganga. A dukkansu akwai roloji masu haƙora da ke jan reshe zuwa ciki, wuƙa ta datse shi a kan wani kafaffen ƙarfe mai kama da maƙera, sannan iska ta watso ɓarɓashin ta bututu. Idan wuƙa ta dakushe ko tazarar da ke tsakaninta da maƙerar ta buɗe, injin zai riƙa tauna itace maimakon yanka shi, ya sha mai fiye da kima, girgizar kuma ta kashe boris.

Abin da mai saye ke dubawa

Mitar da ke ƙirga awannin aiki ita ce abin da dillali ke fara nunawa, kuma ita ce mafi sauƙin canzawa. Shaidar da ta fi ta ƙarfi ita ce takardun sabis da rasiɗan kayan gyara. Inji mai awanni da yawa da tarihin kulawa ya fi mai awanni kaɗan wanda ba a san inda ya fito ba.

Masu gogewa sukan nemi a tayar da injin yana sanyi, domin wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da launin hayaƙi. Sukan kashe shi, su zare makulli, su buɗe murfi, su duba faifan ko akwai tsagewa ko sabuwar walda. Sukan jijjiga shi da hannu don jin ko boris ya saki. Sukan duba haƙoran roloji, da bel, da tiyon haidirolik ko yana yoyo, da tsatsa a ƙarƙashin shasi. Sabon fenti a wuri ɗaya tak abin tambaya ne.

Gwaji na ƙarshe shi ne a ba injin itace mai kaurin da aka rubuta cewa yana iya ci. Injunan zamani suna da na'urar da ke tsayar da roloji idan gudun inji ya ragu, ta sake su idan ya farfaɗo. In ba ta aiki, gyaranta na iya cinye rangwamen da aka samu.

Inda rai ke shiga ciki

Wani rahoto da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta fitar ya nuna cewa ma'aikata 31 ne suka mutu ta dalilin irin wannan inji tsakanin 1992 da 2002. Mafi yawansu injin ne ya ja su ciki, wasu kuma murfi ko wani sashe na injin ne ya ɓalle ya buge su. Reshe kan maƙale safar hannu ko igiya, kuma roloji ba sa bambance itace da hannun mutum.

Abin da ke tsakanin ma'aikaci da wuƙa shi ne sandar tsayarwa da ke kewaye da bakin injin, wadda ke dakatar da roloji da zarar jiki ya tura ta. Wasu masu injin kan kashe ta ko su ɗaure ta, saboda rassa na yawan taɓa ta suna katse aiki. Wanda ya sayi irin wannan ya sayi alhaki. Dokar kayan aiki ta Birtaniya ta 1998 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin tabbatar da cewa inji na da aminci, sabo ne ko tsoho. Cewa “a haka na saye shi” ba ya wanke kowa a gaban kotu.

Sata da bashi

Ƙananan injunan da nauyinsu bai kai kilo 750 ba su ne suka fi farin jini, domin ƙaramar mota na iya jan su. Wannan sauƙin ne kuma ya sa ɓarayi ke son su. Tun 2007 akwai tsarin rajista mai suna CESAR da ke sanya wa injuna alamomin da ke da wuyar gogewa. Lambar shasi da aka kankare, ko mai sayarwa da ya dage sai a haɗu a gefen hanya da tsabar kuɗi, alamu ne na a ja da baya. Haka nan inji na iya kasancewa da sauran bashin kamfanin lamuni a kansa, wanda zai iya zuwa ya ƙwace kayansa. Kuma da yake cinikin na kasuwanci ne, dokar kare masu sayayya ta 2015 ba ta rufe shi ba.

Idan injin ya tsallako Afirka ta Yamma

Ga matasan da ke tunanin shigo da na tokumbo, akwai tarko biyu. Injunan da ke da matatar hayaƙi an ƙera su ne don dizal mai ƙarancin farar wuta, kashi 10 cikin miliyan a Turai, 15 a Amurka. Rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan na 2016 ya fallasa yadda ake sayar wa Afirka ta Yamma mai mai datti, a lokacin da ƙa'idar Najeriya ke ba da damar kashi 3,000. ECOWAS ta amince da kashi 50 a 2020, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Mai mai datti yana toshe matatar, kuma canjinta na da tsada.

Tarko na biyu na lissafi ne. A Ingila reshe shara ne da ake biyan kuɗi kafin a zubar, don haka injin ke mayar da kuɗinsa. A Kano ko Maraɗi kuwa, reshen darbejiya itacen girki ne mai kuɗi. Sai wanda ya riga ya samu masu sayen ɓarɓashin, kamar masu lambu ko masu curin gawayi, ne injin zai yi wa rana.

A ko'ina aka yi cinikin, ƙa'idar ɗaya ce: a ga takardu, a ga injin yana cin itace, a tura sandar tsayarwa a ga ta tsayar. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin ukun saboda rangwame, shi Hausawa ke faɗa wa cewa araha ba ta ado.