Dogon Yaron Da Ya Ƙi A Tsare Shi A Gindin Kwando

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Earvin Johnson yana ɗan shekara 15, a makarantar sakandare ta Everett da ke Lansing, jihar Michigan ta Amurka, ya ci maki 36 a wasa guda na ƙwallon kwando, har wani ɗan jarida ya laƙaba masa suna "Magic".

Al'adar masu horarwa ita ce su ajiye dogon yaro a gindin kwando, ya riƙa cafe ƙwallo kawai. Shi kuwa Johnson, duk da tsawonsa ya haura mita 2, ya gwanance wajen jan ƙwallo da rarraba wa abokan wasa. A 1977 ya kai makarantarsa ga lashe kofin jiha, manyan jami'o'i suka yi ta zawarcinsa.

Ya zaɓi jami'ar Michigan State, saboda mai horarwa Jud Heathcote ya amince ya bar masa ragamar rarraba ƙwallo. Amincewar nan ta haifi ɗa mai ido: a 1979 suka ci kofin jami'o'in ƙasar, bayan sun doke Indiana State ta Larry Bird.

Don haka, yaro mai baiwa da iyayensa su lura: kafin su dubi sunan jami'a, su tambayi mai horarwa wurin da zai sa shi. Da an tsare Johnson a gindin kwando, da rabin baiwarsa ta tafi a banza.