Ciwon Jan Fuska, da Yadda Aka Gwada Maganinsa

Akwai wani ciwon fatar fuska wanda Turawa su ke kira rozeshiya. Kumatu da hanci da goshi su kan yi ja, su riƙa zafi, ƙuraje su feso. Ya fi kama wanda ya wuce shekara 30. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuwa ƙazanta ke kawo shi ba, amma zafin rana da barkono da giya su kan tayar da shi. Ya fi yawa ga fararen fata. Baƙin mutum ma ya kan kamu, sai dai jan ba ya fita sosai, don haka a kan zaci ƙurajen samartaka ne.

Likitoci sun lura akwai waɗansu ƙananan ƙwari, waɗanda ba a gani sai da madubin likita, zaune cikin ramukan gashin fuska, sun kuwa fi yawa ga masu wannan ciwo. Sai suka juya ga ibamektin, watau maganin nan Mectizan da a ke rabawa a ƙauyukanmu domin makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa. Aka haɗa man shafawa da shi.

To, ƙaƙa aka san yana aiki? A Amurka da Kanada aka yi gwaji biyu da mutum fiye da 1,300. Aka ba waɗansu man mai magani, waɗansu kuwa man da ba magani ciki, ba mai ciwon ba, ba likitan ba, ba wanda ya san ko wanne ne. Bayan mako 12, wajen 40 cikin 100 na masu maganin fuskarsu ta washe ko ta kusa. Na ɗaya gefen kuwa 12 ne a gwaji guda, 19 a ɗayan. Amurka ta yarda da shi a 2014.

Ku lura, 'yan'uwa: har waɗanda ba su sami magani ba, waɗansu sun sami sauƙi. Ashe "na shafa na warke" ba hujja ba ce, sai an gwama.

Maganin yana kwantar da ciwon ne, ba ya kashe shi, gama ya kan komo. Mayukan kasuwa na sa fata haske kuwa, da yawansu akwai magani mai ƙarfi ciki wanda ke ƙara ɓata fuska. Mu da za mu tsaya gaban aji, in muka ga irin wannan, mu ce a tafi asibiti.