Zumuntar Maza a Ikilisiyoyin Arewa

Zumuntar maza ƙungiya ce ta magidanta da ke cikin ikilisiya, wadda ke haɗa su don nazarin Littafi Mai Tsarki, addu'a da hidimar jama'a. Ana samun ta a manyan ɗarikun Arewa kamar ECWA da COCIN, masu hedikwata a Jos, da EYN, wadda aikinta ya soma a Garkida a 1923. A cocin Katolika akwai takwararta, CMO.

Gaskiyar magana, zumuntar mata ta fi ta ƙarfi da armashi a yawancin majami'u. Mata na da anko, da waƙoƙi, da kiɗan tulu. Maza kuwa sai an yi ta lallashi, musamman da damina, lokacin da gona ke cinye yini.

Shi ya sa ƙungiyar da ta ɗore ita ce wadda ta ba kowa aikin yi. Ana zaɓen shugaba, magatakarda da ma'aji, ƙarƙashin kulawar fasto da dattawa, a tsayar da ranar taro da ba ta sauyawa. Daga nan sai hidima: gayyar noma a gonar gwauruwa, kafinta ya gyara kwanon majami'a, mai babur ya kai masu bishara ƙauye, wasu su duba marasa lafiya a asibiti. Sulhunta ma'aurata kuwa dattawa ake bar wa.

Kuɗi ne ya fi rusa irin wannan zumunta, don haka ma'aji kan karanta lissafin abin da aka tara da wanda aka kashe a gaban kowa.