Bashi Hanji Ne: Abin Da Za Mu Yi In Masu Bin Mu Sun Matsa Lamba

Duk wanda ya san Unguwa Uku ya san wuri ne na neman abinci. A nan hedkwatar Ƙaramar Hukumar Tarauni take, a nan kuma babbar tashar motar nan ta kan titin Zariya take, inda direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako da mata masu tuwo suke rayuwa a kan abin da rana ta kawo. Ba nisa daga nan akwai Gyaɗi-Gyaɗi da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda iyalai da yawa sukan wayi gari da takardar magani a hannu, aljihu kuwa babu komai. 'Yan'uwanmu masu bi da ke zaune a waɗannan unguwanni, malaman makaranta ne ko ma'aikatan jinya, teloli ne ko kanikawa, duk a cikin wannan hali suke tare da maƙwabtansu.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na abinci da na haya suka yi tashin gwauron zabo. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yuli na wannan shekara naira 70,000 ne. Ba abin mamaki ba ne da mutane suka koma ga rance. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, amma yaya za mu yi in ranar biya ta zo, hannu babu komai, mai kuɗi kuma ya tsaya a ƙofar gida?

Yadda ƙaramin rance yake zama dutse

A da, wanda ya matsu yakan je wurin ɗan'uwa, ko uwar adashi, ko mai kantin unguwa. Yanzu an sami ƙarin wasu masu ba da rance: ƙananan bankuna masu bin 'yan kasuwa mako-mako, da kuma manhajojin da ke cikin wayar hannu, waɗanda sukan turo kuɗi cikin 'yan mintoci ba tare da jingina ba. Sauƙin nan shi ne tarkon.

Bari mu ɗauki misali. A ce mutum ya nemi naira 20,000 na mako biyu, aka cire 3,000 tun daga farko da sunan kuɗin hidima, aka turo masa 17,000, aka ce ya mayar da 24,000. Wato a kan 17,000 da ta shiga hannunsa zai biya ƙarin 7,000 cikin kwana 14, fiye da kashi 40 cikin ɗari ke nan. In ranar ta wuce sai tara ta fara hawa kullum. Da yawa sukan ruga wata manhajar su ranto don su toshe ta farko, kafin wata uku ana bin su a wuri biyar ko shida. An haƙa sabon rami don a cike tsoho, ramin kuwa ƙara zurfi yake yi.

Daga nan sai waya ta fara ruri ba dare ba rana. Da fari lallashi, sai zagi, sai barazana. Waɗansu kamfanonin sukan kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ranta, su aika wa surukansa da shugabansa a wurin aiki, har da fastonsa, cewa wane ɓarawo ne ana nemansa. Akwai masu haɗa hoton mutum da sanarwar rasuwa ta ƙarya su watsa. Manufarsu ɗaya ce: kunya ta sa mutum ya sayar da duk abin da ya mallaka, ko ya sake cin wani bashin.

Abin da doka ta hana mai bin bashi

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, kasa biyan bashi ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki ko ta rance, haka ma sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sandan kuma ya hana kama wani a madadin wani, saboda haka ba a tsare mata don ana bin mijinta, ba a tsare uba saboda ɗansa. Tun a 2003, a shari'ar McLaren da Jennings, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana cewa karɓo wa mutane bashi ba ya cikin aikin 'yan sanda. In aka gayyace mu ofishin 'yan sanda, mu je tare da wani dattijo ko lauya, mu faɗa cikin ladabi cewa maganar rance ce. Beli kuwa kyauta ne.

Na biyu, mai bin bashi ba shi da ikon shiga gidan mutum ya ɗauke keken ɗinki ko babur ko talabijin da ƙarfin tuwo. Hanyar kwasar kaya ita ce ya kai ƙara, alƙali ya yanke hukunci, sa'an nan ma'aikacin kotu ya zo da takarda. In akwai abin da muka ba da jingina a rubuce, wannan maganarsa dabam ce, sai a duba abin da takardar ta ce.

Na uku, tona asirin mutum ga jama'a ya saɓa wa doka. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda aika wa mutanen da ke cikin wayar masu rance saƙonni. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasa, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu irin waɗannan kamfanoni a Legas, daga baya a wannan shekara ta wajabta musu yin rajista. Daga ƙarshen watan Mayu na 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan da ke cikin waya. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A 2025 kuma FCCPC ta fito da sabbin ƙa'idoji masu tanadin tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 100. Har yanzu akwai masu keta waɗannan dokoki, amma wanda aka ci wa mutunci yana da inda zai kai kuka.

Abin da doka ta ba shi

Kada mu ruɗi kanmu, mai kuɗi ma yana da haƙƙi. Yana da ikon tuna mana, yana da ikon kai mu kotu. Jihar Kano ta buɗe kotunan ƙananan da'awa a 2019 domin a riƙa gama irin wannan shari'a da wuri. In sammaci ya zo, kada mu ɓuya. Wanda ya ƙi halarta ana iya yanke hukunci a bayansa, wanda ya je kuwa yana iya roƙon alƙali ya yanka masa biya kaɗan-kaɗan daidai ƙarfinsa.

Bugu da ƙari, tun daga ranar 1 ga Agusta, 2020, Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashin da ya wuce lokaci daga sauran asusun mutum da ke wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, muddin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar rancen. Uwar kuɗi da ruwanta kawai aka yarda a cire, ban da tara. Har ila yau, a ƙarƙashin wata doka ta 2017, ana kai sunan wanda bai biya ba ga kamfanonin da ke ajiye tarihin masu rance, irin su CRC da FirstCentral, abin da kan rufe wa mutum ƙofar rance nan gaba.

Abubuwa biyu ne suke mayar da bashi laifi. Ɗaya shi ne karɓar kuɗi da ƙarya, kamar sunan bogi ko takardar jabu. Ɗayan kuma shi ne ba da cekin banki alhali babu kuɗi a asusu, wanda dokar 1977 ta tanadar wa ɗaurin shekara biyu. Don haka komai matsi, kada mu rubuta cekin da muka san ba zai fita ba.

Matakan da za mu bi

Da farko mu zauna da takarda da biro mu rubuta duk wanda yake bin mu, nawa muka karɓa a hannu, nawa muka riga muka biya, nawa ake nema. Miji ya gaya wa matarsa, mata ta gaya wa mijinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara iyali su ji daga bakinmu da su ji daga saƙon wani baƙo.

Sai mu dakatar da sabon rance gaba ɗaya. Mu ware kuɗin abinci da haya da magani da makarantar yara, abin da ya rage shi ne abin da za mu iya alkawarta. Daga nan mu nemi mai kuɗin tun kafin ya neme mu, mu ce masa: ga abin da ya same ni, ga abin da zan iya kawowa kowane wata, ina roƙo a tsayar da tara. Alkawarin naira 5,000 da za a cika ya fi na 20,000 da za a saɓa. Duk abin da aka shirya a rubuta shi, a sa hannu a gaban shaidu. Kowane biya a karɓi rasit, kuma a biya cikin asusun kamfani, kada a tura asusun ma'aikacin da ya bugo waya.

In mai bin mu maƙwabci ne ko abokin ciniki, Kirista ne ko Musulmi, mai unguwa da dattawan ikilisiya da shugabannin kasuwa ko na tasha sun saba sasanta irin wannan. Akwai kuma zauren sasanci na Babbar Kotun Jihar Kano, wanda aka buɗe a 2009, inda ake daidaita mutane ba tare da doguwar shari'a ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 saboda marasa ƙarfi.

In kuwa an shiga zagi da barazana, kada mu rama, kada kuma mu goge saƙonnin. Mu ɗauki hotonsu, mu rubuta rana da lambar da ta kira, mu kai ƙara FCCPC da NDPC. In banki ne, a fara kai kuka ga bankin a rubuce, in mako biyu ya wuce ba a warware ba sai a wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Wanda aka yi wa barazanar duka ko kisa, shi ne yake da dalilin zuwa wurin 'yan sanda. Mu kuma riga su aika wa 'yan'uwa da abokai gajeren saƙo cewa ana bin mu bashi, muna ƙoƙarin biya, kada su kula da abin da za a turo musu. Asirin da mai shi ya riga ya faɗa ba ya zama makami a hannun kowa.

Nawayar da ke kan ikilisiya

Wannan matsala ba sabuwa ba ce ga jama'ar Allah. A Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 4, mun karanta labarin gwauruwar da mai bin mijinta bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Ta kai kukanta ga annabi Elisha, shi kuwa ya fara da tambayar abin da take da shi a gida. Da mai ya yalwata, ya umarce ta ta sayar ta biya bashin, ita da 'ya'yanta su ci sauran. An biya mai kuɗi haƙƙinsa, yara kuma ba su tafi bauta ba. Darasin ke nan: bashi abin biya ne, mutuncin wanda ake bi kuma abin karewa ne.

Saboda haka in saƙo ya shigo wayarmu yana kiran wani ɗan'uwa ɓarawo, kada mu tura wa na gaba, kada ya zama abin hira a bakin majami'a bayan sujada. Mu je mu same shi a keɓe. Kunyar bashi takan sa mutum ya daina zuwa sujada, ya daina cin abinci, wani har ya fara tunanin hallaka kansa. In mun ga alamar haka kada mu bar shi shi kaɗai, mu sanar da fasto da iyalinsa, mu raka shi wurin likita. Wanda kuma yake cikin wannan hali yana karanta mu, ya faɗa wa wani yau. Babu adadin kuɗin da ya kai ran mutum.

Zumuntar mata da ta maza da ƙungiyoyin matasa suna iya kafa ɗan asusun taimako mara ruwa, da littafi da ma'aji da masu binciken lissafi, domin wanda ciwo ya faɗo wa da dare ya sami inda zai nufa kafin ya taɓa waya. Lauyoyi da ma'aikatan banki da ke cikinmu su ba da yamma ɗaya a wata su duba wa mutane takardunsu. Wanda za a roƙa ya tsaya wa wani kuma ya sani cewa in wancan ya kasa, shi za a bi. Mu da muke bin waɗansu, mu ma mu duba yadda muke tambayar namu, gama wanda ya bi da sauƙi yau, gobe yana iya zama mai neman sauƙin. Ubangiji ya buɗa wa kowa hanyar sauke nauyin da ke kansa.